Matuƙin Jirgin Sanyuanli

"Ya shigo bayana!" Ghali ya karkace a kan kujera kamar harsashin zai fito daga kwamfutar ya same shi. Jakunkunansa na ɗaure a bakin ƙofa. Yau zai tashi zuwa Kano, jibi sunan 'yarsa ta fari.

Osmanu, mutumin Kumasi da ke yi masa lodin kaya, ya leƙo ɗakin masaukinsa da ke unguwar Sanyuanli a Guangzhou, wanda ko taga ba shi da ita.

"Maigida, wannan wasa bai tsufa ba? Jirgin yaƙi kamar kwalin ashana."

"Ka san tarihi kuwa? A faifan fulofi ya fara fitowa muna yara. Suka maido shi a faifan CD da ƙarin yaƙin teku. Kamfanin ya rushe, wasa ya ɓace. Duk shagon da na shiga a garin nan sai su ce meiyou, babu, har Allah Ya haɗa ni da wani tsoho da ke da shi."

Ranar aurensa sai ya yi tunani kafin ya faɗa, amma wannan tarihi a kan harshensa yake.

Waya ta yi ƙara. Matarsa ce, Surayya. Ya kashe wayar ɗungurungum.

"Kar ka makara dai," in ji Osmanu, ya tafi.

Kamar yawancin fatake, agogon hannun Ghali a lokacin Kano yake, don kiran gida. Waya ce ke faɗa masa lokacin Guangzhou. Wanda ake harbi kuwa ina ya ga ta tuna wannan? Duk kallon da ya yi wa agogo sai ya ga da saura.

*

Da ya kakkaɓo abokin gaba na ƙarshe ya yi hamdala, ya kunna waya. Saƙonni suka yi ta zubowa. Jirgin gaske ya daɗe a sama.

*

Ranar suna ya kira gida ta bidiyo. Gida ya cika, ana guɗa.

"Sannu da yaƙi, Kyaftin," in ji Surayya. "Osmanu ya ba mu labari. Baba ya gaji da jiranka, ya raɗa mata Zalika."

Kunya ta rufe shi. "Nuna min ita mana."

Aka ƙwala mata kira daga tsakar gida. Ta ajiye wayar a kan gado ba ta kashe ba. Ghali ya zauna yana kallon silin ɗakinsa na Kano, yana jin kukan 'yarsa.