Kututture Ba Gawa Ba Ne

A tsaunukanmu na West Virginia, hanci ne ke fara gaya wa mutum cewa itatuwan lin sun yi fure. Ƙanshin yakan gangaro daga doron tudu, ya ratsa gonar masara, ya shigo har madafa. Sai Baba ya ajiye cokali ya ce, "Ardith, saurara." Tudun gaba ɗaya yana ƙugi, ƙudan zumansa sun kama aiki. Zumar lin fara ce, da ɗan yaji a maƙogwaro, kuma a gidanmu ba a cin burodin masara sai da ita.

Ina jami'a ina karatun gandun daji Baba ya rasu. A hunturun shekarar aka yi irin ruwan nan da ke daskarewa a jikin reshe. Lin itace ne mai taushi, bai iya ɗaukar nauyin ba. Na dawo na tarar da tudun kamar bakin tsoho. Baffa Delmer, ƙanen Baba, wanda suka gaji tudun tare, ya riga ya sare karyayyun ya kai wa masu sassaƙa. Saura kututturan, su ma ya zo da tarakta da sarƙa zai tumɓuke ya shuka wa shanunsa ciyawa.

Na hau mafi girmansu na zauna.

"Sauka, 'yar boko, kada in haɗa da ke."

"Haɗa mana, Baffa. Ran Lahadi sai ka gaya wa mutanen coci abin da ka ja."

"Gawa fa kike gadi."

"Ba gawa ba ne. Zai yi toho."

"In ji wa?"

In ji tsohon littafin Baba na itatuwan tudu, wanda na koyi karatu a cikinsa. Baba yakan yi wa littafin dariya don yana kiran lin ɗinmu basswood, amma bai taɓa bari a ɗora kofi a kansa ba. A ciki na karanta cewa saiwar lin ba ta bin gangar jiki zuwa kabari.

"To, littafin ne zai ciyar mini da shanu?" Ya kashe tarakta, ya daɗe yana duban amyoyin Baba. "Muddin akwai ƙudan yayana a nan, na bar miki. Ranar da amya ta ƙarshe ta tashi, sarƙata na nan."

Na ƙi aikin da aka ba ni a birni, na kama koyarwa a firamaren kwari. Toho ya fito kamar yadda na faɗa, zobe guda kewaye da kowane kututture, na yi ta taƙama. Bareyi suka zo suka cinye shi tas. Littafi bai ce komai a kan barewa ba. Na riƙa saɓa waya a kafaɗa ina hawa tudu ina kewaye kututturan ɗaya bayan ɗaya, har tafin hannuna ya koma na maƙeri. Wata shekara dabbar beyar ta farfasa amyoyi, wata shekara cuta ta shiga. Ina ba ƙudan ruwan sukari, suna ba ni baƙar zumar ciyayi wadda ko ni ba na marmarinta. A ƙofar coci Baffa yakan ɗaga hula ya ce, "Malama, yaya masu jiki?" In ce, "Suna gaishe da shanunka." Sai na isa gida nake kuka, kuma ban taɓa bari ya gani ba.

A haka har amya ta zama ɗaya tak.

Wani hantsi ina shanya, na ji ƙugin da na daɗe ban ji ba. Na waiwaya, sai ga ƙudan sun fito baƙi ƙirin sun tashi sama, sarauniya ta kwashe jama'arta. Ɗan abin da ya rage a amyar ba zai kai hunturu ba. A wajenmu, idan ƙuda suka tashi, tukunya ake bugawa a bi su, wai ƙarar na sauke su, kuma maƙwabta su san suna da mai su. A jami'a mun sha dariyar wannan al'ada. Na suri tukunyar wake da ludayi na bi su da gudu.

Ina haki a tsakiyar hawa na ji wani bugun a bayana. Baffa ne, da bokitin tatsa da sifana, hula ta faɗi.

"Buga da ƙarfi, 'yar boko! Ko shi ma sai an duba littafi?"

Ƙudan suka yi kamar za su tsallake tudun, sai suka juyo, suka dunƙule a kan zoben babban kututturen nan. Shekaru ina zuwa wurin kaina a sunkuye, waya nake dubawa da sawun barewa. Ban lura tohon ya ninka ni tsawo ba. Na ɗaga kai. Can a sama, ƙarƙashin ganye, ga fure 'yan ƙanana ruwan ƙwai, ba su da yawa. Sannan ƙanshin ya iso. Na ji kamar Baba zai ajiye cokali.

Baffa ya share fuska da hannun riga. Ya ce gumi ne.

"Bokitina ne ya sauke su," in ji shi.

"Furen ne, Baffa."

"Ke dai da tukunya na gan ki."

Ya koma ya ɗauko akwati, ya riƙe mini a ƙasa, na girgiza reshen suka zuba a ciki. Muna gangarowa a hankali ya ce kwalbar zuma ta farko tasa ce, ladan gudu.

Sarƙar tana nan. Da ita muke ɗaure ƙofar shingen tudu, kada shanunsa su shiga.