Baƙuwar da Ta Fito Daga Dakali

Gwiwoyin Rahila sun fara ciwo a shekarar da ta cika sittin da biyu. Kujera 'yar tsugunno ta zama mata azaba, in ta zauna tsince shinkafa sai an miƙo mata hannu kafin ta tashi. Mijinta Andarawus, wanda ya daɗe yana aikin gini a garin Kontagora kafin ya koma noma, ya lura da wahalarta. Wata safiya a tsakiyar rani ya ɗauki diga ya nufi wata fadama a hanyar Ibeto.

Fadamar ta bushe ƙayau, kuma babu ruwan kwaɓa tubali. Sai ya riƙa saro busasshiyar laka manya-manya, ya loda a amalanke. Ya jera su a ƙofar kicin, ya shafe da ɗanyar ƙasa, ya yi mata dakali daidai tsayin gwiwarta.

"Maman Patience, gwada mu gani," in ji shi.

Ta zauna, ta tashi da kanta, ta sake zama. "Ba laifi," ta ce. A bakin Rahila wannan babban yabo ne.

Wata uku tana aikinta a kai. Kullum Andarawus sai ya ce zai shafe shi da siminti, har ruwan farko ya sauko wata Talata da rana bai shafe ba. Ruwan rufin kwano ya yi ta zuba a kan dakalin. Da aka ɗauke, Rahila ta fito ta tarar gefe ɗaya ya zube, wani abu dogo mai santsi yana motsi a cikin taɓon, yana wani irin gurnani.

"Maciji! Jama'a, maciji!"

Maƙwabciyarta Barakatu ta shigo a guje da taɓarya. Har ta ɗaga, Andarawus ya riƙe ta.

"Tsaya, Barakatu! Gaiwa ce." Ya durƙusa yana dariya har da hawaye. "Ashe da ita na saro lakar. Yau akwai miya a gidan nan."

Rahila a cikin gari ta girma, gaiwar da ta sani ita ce ƙyafaffiya, wato banda, a tiren kasuwa. Ta dubi kifin, ta dubi dakalin.

"Kana nufin wata uku ina zaune a kan kifi?"

"Da ransa ma."

"To, ba mai cin ta. Wata uku tana ɗauke da ni, ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Kai kuwa hannu kawai nake cewa ka miƙo min, sai ka yi nishi."

Aka sa gaiwa a robar wanki. Ranar Asabar 'yarsu Patience, malamar kimiyya a makarantar sakandare, ta zo ta tsuguna gaban robar ta ƙi tashi.

"Mama, wannan kifin huhu gare shi kamar mu. Duba, ga ta nan ta ɗago ta shaƙi iska. In ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe kamar leda, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta yi barci. Masu bincike sun ce tana iya wuce shekara a haka. Amma in aka hana ta ɗagowa, ruwan ma kashe ta zai yi."

"To me take ci a ciki? Ko da gaske ne da ake cewa gaiwa jikinta take ci?"

"Kusan haka ne. Tsokar jikinta ce ke narkewa a hankali tana rayar da ita."

Rahila ta dafe ƙirji. "Wayyo, baiwar Allah. Tana ƙasa da yunwa, ni ina sama ina ɓare gyaɗa."

Daga ranar gaiwa ta shiga daɗi. Andarawus ya ce shi ba ruwansa da kiwon kifi, amma kowace safiya ana ganinsa bayan gida yana tono wa gaiwa tana. Ranar da ta cije shi a yatsa ya rantse ya daina. Washegari ya koma tono.

Wata Alhamis Rahila ta tafi taron zumuntar mata a coci. Andarawus ya ga kyanwar maƙwabta tana zagaya robar. Don ya kare gaiwa, sai ya cika robar da ruwa har baki, ya kife babban faranti a kai, ya danne da dutse, ya tafi gona hankalinsa kwance.

Allah ya sa an tashi taron da wuri. Rahila na ganin dutsen ta yar da jakarta, ta ture farantin. Gaiwa na kwance a ƙasan roba ba motsi. Ta kwashe rabin ruwan da kwano, ta sa hannu ta tallafo kanta sama, tana ta addu'a. Can gaiwa ta buɗe baki ta ja iska. Ta sake ja.

Da Andarawus ya dawo ya ji labari, sai ya sauke fartanya daga kafaɗa.

"Kifin da ruwa ke kashewa," ya ce a hankali. "Na ji Patience ta faɗa, wallahi na manta. Yi haƙuri."

"Na san taimako ka yi niyya, Baban Patience. Amma roba ba gidanta ba ce. Fadama ta cika yanzu, ko?"

Ranar Asabar suka sa gaiwa a bokiti, suka ɗaura a babur. Rabon Rahila da hawa bayan mijinta an yi shekaru, ta riƙe shi gam tana ta cewa ya rage gudu, alhali masu keke ma wuce su suke yi. A bakin fadama ta karkata bokitin da kanta. Gaiwa ta sulale cikin ciyawar ruwa ta ɓace.

"Ko waiwaye," in ji Rahila tana goge ido da bakin zane.

Ba su juya nan da nan ba. Andarawus ya shimfiɗa mata buhu a gindin ɗorawa, ya nuna mata can hayin inda shi da mahaifiyarsa suke haƙar gaiwa da rani lokacin yana yaro, a shekarar da hatsi ya ƙare musu. Ya ce ita ce ta koya masa gane 'yar ƙofar numfashin a jikin laka.

"Shekara arba'in muna tare ba ka taɓa ba ni wannan labarin ba."

"Ba ki taɓa tambayata kan kifi ba."

"To, yanzu na tambaya," ta ce, ta gyara zama ta miƙe ƙafafunta. "Fara daga farko."