Gilashin Yuk-lan

Tsoho Mak ya sake murɗa gilashin kyamarar matarsa a bakin kyamarar jikarsa, ya ƙi zama. Szeto mai gyara ya fizge daga hannunsa.

"Kai dai da taurin kan nan za a binne ka. Kamfaninsu ba ɗaya ba ne. Ko kwana ka yi kana murɗawa ba za su haɗu ba."

"Ai shi ya sa na kawo maka, makaho."

Kyamarar matarsa, marigayiya Yuk-lan, tana gefe a kan tebur. Shekara da shekaru tana aiki, sai yau da safe ta ga damar cijewa. Yau kuwa da yamma 'yarsa da mijinta da jikarsa Hoi-ching za su bar Hong Kong, kuma ƙaura ce, ba ziyara ba.

"Ka ɗauke su da waya mana, kamar kowa," in ji Szeto.

Mak ya ƙi. Falonsu a unguwar Sham Shui Po ɗan tsurut ne. Kowace sabuwar shekara Yuk-lan takan tsaya a ƙofar kicin da gilashin nan mai faɗin gani, ta kwaso kowa da kowa a hoto ɗaya, har da tebur da taga da shanya. So yake hoton ƙarshe ya fito kamar sauran.

Szeto ya auna nan, ya auna can, ya ja tsaki.

"Zan iya sa zobe a tsakani, amma gilashin zai yi wa fim nisa. Hancin na kusa kaɗai zai fito, sauran duk dishi-dishi. Ko kuma in yanke gindinsa in ɗaura wanda zai shiga ta yarinyar. Zai gani garau. Sai dai ba zai ƙara hawa ta Yuk-lan ba har abada." Ya sassauta murya. "Ka ba ni 'yan makonni, zan tashi kyamarar tata."

"Da yamma za su tafi."

"Na ji. Kurma ne ni?"

Mak ya shafa gefen gilashin, inda yatsan matarsa ya cinye fentin.

"Yanke."

Ya fita bakin titi don kada ya ji ƙarar injin. Ina! Har can ta same shi.

Da rana aka ci kifi da shinkafa, ba wanda ya ci na kirki. Mak ya tsaya a ƙofar kicin, ya leƙa ta kyamarar jikarsa, ga su duka sun shigo. 'Yarsa ta yi murmushi da jajayen idanu. Ya danna.

A tashar motar filin jirgi Hoi-ching ta kama gilashin za ta kwance.

"Kaka, karɓi kayanka."

"In ɗaura shi a ina? A goshina? Taki kaɗai yake shiga yanzu."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "To fim ɗin fa? Hoton da ka ɗauka yana ciki. Bari in naɗe in ba ka, gobe ka kai wanki."

Har ya miƙa hannu, sai ya mayar da shi aljihu. Idan ya karɓa, shi ke nan, babu sauran abinsa da ya rage a wurinta da dole sai ta aiko.

"Fim sabo fil za ki ɓata? Ki cika shi da hotunan can. In ya ƙare ki wanke, ki aiko mini."

"Kaka, ka fa san ni. Fim ɗaya sai ya shekara a hannuna."

"Ina zan je? Ina nan."

Motar ta tashi. Ya yi ta ɗaga hannu har ta sha kwana, sannan ya dafa ƙarfen tashar, ya saki tarin da yake dannewa tun safe.