Hoton da Gimbiya Ta Aiko

"Kada ki buga mata waya, Tsahara," in ji Mushe Baƙo, yana riƙe da hannuna. "Saura kwana shidda ta tsaya gaban malamanta, jarrabawar ƙarshe."

Ranar aka maido shi daga asibitin Galmi, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Matarsa Balaraba ce ta leƙo ta katanga ta kira ni. A gidan waya na Konni nake aiki, ni ke sada su da ɗiyarsu Gimbiya a Faransa.

Shekara talatin yana koyar da kimiyya a lakwal, makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, wato malam. Gimbiya ta gaje shi har ta wuce shi, shekara huɗu ke nan tana binciken taurari sabbin haihuwa.

"Wai tauraro ma haihuwarsa ake yi?" na tambaye shi, don ya manta da ciwon.

"Cikin gajimaren ƙura, can nesa. Akwai ƙarfin maganaɗisu cikin ƙurar, wani wuri shi riƙe ta, wani wuri shi sake ta ta dunƙule. Shi Gimbiya ka aunawa." Ya yi tari. "In kin kira ta, jirgi za ta hau, wahalarta ta tashi banza."

A zaure Balaraba ta tare ni. "Yaya, in ya tahi ba ta gane shi ba, mi zan ce mata?"

Kwana uku ina zuwa buro, wurin aikina, da lambar Gimbiya ƙulle a bakin zane. Sau biyu na ɗaga kan waya, na aje. Duk wanda ya shigo da sauri sai in zaci labarin Mushe ya kawo.

Ranar Laraba da hantsi, ina cikin buga hatimi, maigidana ya tsaya bakin taga ya ce Mushe ya cika. Kafin azahar an kai Mushe makwancinsa.

"Bari ta gama," in ji Balaraba. "Shi ya ce."

Ranar Asabar na kira. "Inna Tsahara, na ci! Ki gaya ma Baba!" Na bari ta gama dariya, sannan na faɗa mata.

Ana sadakar bakwai wasiƙarta ta iso, wadda ta aiko tun yana da rai. A ciki akwai hoto: baƙin gajimare, ƙananan layuka birjik a kansa, ɗigon haske a tsakiya. Balaraba ta goge hannu da zane, ta karɓa. Tana ta juya shi a cinyarta, tana neman inda sama take.