Jar Lema a Bakin Burtali

Ban taɓa son Ashiru ba, shi ma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye cewa ba ya sona ba. Mu goma sha ɗaya muka shiga gasar tashi da lema ta bana a duwatsun Kazaure, amma kowa ya san karawar tsakaninmu ce mu biyu. Gurbi ɗaya tak aka ba ƙungiyarmu a gasar ƙasashen Afirka, wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi. Ni shekarata arba'in da shida, gwiwata ta hagu ta fara yi mini gardama, na san in bana ta wuce ni to ta wuce ke nan. Shi kuwa ɗan shekara talatin ne daga Kano, da baƙin gilashi da mota mai sanyi, kuma tun ranar farko yake kirana "Baba Kyari" da wata irin murya da babu girmamawa a cikinta ko ta ƙwayar gero.

Ga wanda bai san abin ba, lemar wani dogon ƙyalle ne mai igiyoyi sirara da yawa, babu inji babu mai. Za ka ɗaure kanka a kujerar da ke rataye a ƙarƙashinta, ka sheƙa da gudu daga kan dutse, iska ta cika ta ta ɗauke ka. Daga nan sai ka nemi zazzafar iskar da ke tashi daga kan fa ko busasshiyar ƙasa, ka yi ta zagaye a cikinta yadda shirwa ke yi har ta kai ka sama, sannan ka miƙa gaba. Wanda ya rasa iska dole ya sauka, kuma inda ƙafarsa ta taɓa ƙasa nan makinsa ya tsaya.

Kafin ranar ƙarshe Ashiru ya riga ya ba ni rata mai yawa a maki. Abin a fili yake: sai na isa har filin ƙarshe a Gwiwa, shi kuma ya gaza, sannan in wuce shi. Ko sifili ya ci ranar, in dai ni ban isa ba, shi ne mai tafiya.

Da hantsi Hajiya Nafisat, shugabar gasar, ta tara mu a kan dutsen ta shimfiɗa taswira a kan mota. Daga nan za mu nufi Roni, mu karya arewa zuwa Gwiwa. Ta ɗora yatsa a kan wani jan layi da ya ratsa taswirar.

"Wannan burtali ne," in ji ta. "Shanu suna kan hanya, kuma ba a saki gonaki ba tukuna, dawa da wake duk suna tsaye. Duk wanda ya sauka a kansa ya ci sifili, ba na son bayani."

Ni na ja layin nan da hannuna. Aikina ke nan a ƙaramar hukuma, awon filaye, kuma na sha tsayawa a tsakiyar manomi da makiyayi ana nuna wa juna sanda a kan taku uku na ƙasa. Na san irin yaudarar da burtali ke yi wa mai kallo daga sama: doguwar hanya ce miƙaƙƙiya, fes, babu itace babu kara, kamar don sauka aka share ta.

Ashiru ya gyara gilashinsa ya ce, "Hajiya, mu da za mu bi ta sama, ina ruwanmu da hanyar shanu? Baba Kyari ne ke bukatar sanin wuraren sauka."

Aka yi dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗaure hular kwanona sau biyu ba daidai ba.

Bayan azahar muka tashi. Iska ta yi mini kyau ranar yadda ba ta taɓa yi ba. Na ga shirwa uku suna zagaye a kan wani fa a yamma da dam ɗin Kazaure, na shiga tsakaninsu, na'urar da ke ƙirjina ta fara kukan nan nata na alamar hawa ba tsayawa. Kafin mu kai Roni mutum shida sun sauka. Ashiru yana gabana da lemarsa ruwan ɗorawa, ya ƙi tsayawa ya tara tsayi, sai gudu yake don ya riga ni. Da muka karya arewa na ga ya fara yin ƙasa. Ya zagaya nan, ya zagaya can, babu komai. Ni kuwa ina can sama, Gwiwa tana hange a gabana, kuma tsayin da nake da shi ya ishe ni isa ko da ban ƙara samun iska ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni har na yi dariya ni kaɗai.

Sai na ga inda ya dosa. Gonakin dawa ne hagu da dama, in ka faɗa cikinsu kara ya yaga maka lema, a tsakiya kuma ga burtali. Garke yana tafe a kansa, shanu sun kai saba'in, mutum ɗaya a bayansu. Ashiru ya gan su sarai. Ya zo ta kansu ƙasa-ƙasa, inuwar lemar ta rufe na gaba, ya dira a gabansu ƙyallen yana fafar-fafar. Shanun suka watse. Rabi suka keta shingen gefen gabas suka afka cikin dawa.

Abin da ya yi bayan haka shi ya tafasa mini zuciya. Bai ko naɗe lemar yadda ake naɗewa ba, ya dunƙule ta ya cusa a jaka, ya bi ta cikin karan dawa ya ɓulla bakin hanya. Ina kallo wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya haye, suka yi kudu. Daga ƙauyen da ke kusa kuma mutane suka fara fitowa da gudu, ɗaya, biyar, ashirin, kowa da abu a hannu. Makiyayin yana cikin gonar shi kaɗai yana ta kora, shanun suna ƙara nutsawa.

Na kira Hajiya Nafisat a oba-oba na gaya mata.

"Motarmu tana Roni, sai ta yi rabin awa," in ji ta. "Kyari, ka wuce abinka. Na'urarsa za ta nuna inda ya sauka, babu inda zai je."

Rabin awa. Na san abin da mutum ashirin ke iya yi wa mutum ɗaya a cikin minti biyar idan sun tarar da shanu a dawar da suka yi wata huɗu suna jira. Amma kada a ɗauke ni wani waliyyi. Rabin abin da ya sa na ja igiyar hagu na fara saukowa ƙiyayya ce zalla. So nake in tsaya a gaban jama'a in faɗi sunan Ashiru da bakina, in faɗi lambar motarsa da unguwarsu. Ina saukowa ina kallon Gwiwa tana nutsewa bayan duwatsu, ina zagin kaina ina zaginsa.

Na sauka a wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire, dab da shingen burtalin. Lokacin sun riga sun kewaye makiyayin. Dattijo ne siriri, an fizge masa malafa, jini yana bin gefen kunnensa. Ganin lemata tana zubewa ƙasa ya sa kowa ya juyo. Na cire hula na ɗaga hannu na yi sallama. Babu wanda ya amsa.

"Jama'a ku saurara," na ce. "Ba laifin dattijon nan ba ne. Wani ne ya sauka da lema a gaban shanun, ni na gani daga sama, sunansa..."

"Ga shi nan," in ji dattijon.

Ya miƙa hannu ya nuna ni, bai ko ɗaga murya ba. "Shi ne. Daga sama ya faɗo mini a kan dabbobi da wannan abin. Shekara talatin ina bin burtalin nan, ku tambaya ko saniyata, ni Daudu, ta taɓa cin zangarniyar wani."

Mutanen nan ba su ga Ashiru ba. Lema ɗaya suka gani, ga ta a ƙasa, ga mai ita a ɗaure da igiyoyinta. Na ce mu biyu ne, na ce ɗayan ya hau acaɓa, na ce tasa ruwan ɗorawa ce. Wani ya ce to ina take. Wani ya ce 'yan birni sun ƙoshi sun rasa abin yi sai wasa a kan abincin mutane. Aka hankaɗe ni ta baya, gwiwar nan tawa ta lanƙwashe, na durƙusa.

Mai gonar ya matso, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Sama'ilu, da lauje a hannu, idonsa jawur. Na ɗauka ni zai sara. Ya tsaya a kaina yana huci, sannan ya juya ya kama ƙyallen lemar ya zura laujen ya ja. Ƙarar yagewarta har yanzu tana kunnena. Ya sake ja, ya sake. Sauran suka shiga, masu wuƙa suna yanke igiyoyi, masu sanda suna dukan ƙyalle kamar shi ya ci dawar. Shekara shida ina tashi da lemar nan, ni nake wanke ta, ni nake ɗinke ta. Ina durƙushe ina kallo, kuma na lura babu wanda ya ƙara waiwayar Daudu. Shi da wasu mutum biyu har sun fara fitar da shanun.

Mai unguwa ya iso ya tsawatar, aka ja da baya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba na'urar nan, za ta nuna ban taka burtali ba." Ya kalli na'urar ya kalle ni, ya ce shi dai ya gode Allah da ba a rasa rai a ƙasarsa ba, sauran magana sai an zauna.

Hajiya Nafisat ta iso da la'asar sakaliya. Ta yi wa mai unguwa bayani, ta nuna masa taswira a waya, ya gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba kuma ba ya son a tsawaita. Sannan ta ja ni gefe.

"Ashiru ya miƙa na'urarsa," in ji ta. "Na ba shi sifili. Ya ce iska ce ta tilasta shi."

"To waye na ɗaya?"

Ta kalli yagaggen ƙyallen. "Kai ma ka sani, Kyari. Da ka isa Gwiwa..."

Na ce ta bar shi haka. Ta koma mota ta jira ni.

Ina tsugune ina tsince guntayen igiyoyi daga cikin ƙasa sai na ga ƙafafu a gabana. Daudu ne, ya ɗaure kunnen da tsumma, da ƙwaryar nono a hannu. Ya ajiye ta a gefena.

"Ka sha, Malam."

"Baffa, ɗauke abinka," na ce. "Ni na sauko dominka, ka dubi idona ka yi mini ƙarya. Ko tsufa ne ya hana ka gani?"

Ya tsuguna a hankali, ya ɗauki wani yanki na ƙyallen ya juya shi a hannu.

"Shanu saba'in da huɗu nake kora, kowace da launinta nake kiranta," in ji shi. "Wancan ruwan ɗorawa ne da baƙin baki. Naka ja ne. Tun kana sama na bambance ku."

"To don me?"

"Wancan ya tafi. Da na ce wani ne da ya tafi, da yanzu ana yi wa gawata wanka." Ya ajiye ƙyallen. "Kai ne ka sauka."

Na so in zage shi, wallahi na so. Har yau ban yafe masa ba, kuma shi ma bai roƙa ba. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya bi bayan shanunsa, ya bar ƙwaryar a inda take. Na ci gaba da tsintar igiyoyin ina zubawa a jaka, duk da na san babu abin da za su ƙara ɗauka.