Takarda Biyu, Mutum Uku

Balkar ya sake danna hon a bayan taraktar rake da ta tare hanya, sai ka ce hon ɗin ne zai ɗauke ta ya ajiye a gefe. Matarsa Kulwant Kaur na zaune a gefensa. Hannunta na kan jaka, a cikin jakar kuwa akwai takardun izinin tsallaka iyaka guda biyu, alhali su uku ne a motar.

Na ukun mahaifinta ne, Tarlochan Singh, mai shekara tamanin da biyar, kuma saboda shi aka yi tafiyar. Jiya Asabar sun yini a Amritsar, ya yi wanka a tafkin haikali, ya zauna a ƙasa cikin sahu ya ci gurasa da miyar wake, amma hankalinsa duk yana kan yau Lahadi. Yau za su Kartarpur, hayin kogin Ravi, cikin Pakistan, inda Guru Nanak, wanda ya kafa addininsu, ya yi noma har ƙarshen rayuwarsa, aka gina wurin ibada a wurin. Ƙauyen da aka haifi tsohon, Kotla Sunder, tafiyar rabin awa ce a ƙasa daga wurin ibadar. Yana ɗan shekara takwas aka raba ƙasa, ƙauyen ya faɗa cikin Pakistan, aka ɗora shi kan amalanke aka tsallako da shi, tun daga nan bai sake ganin wurin ba.

Izinin Kulwant ya fito. Na Balkar ma ya fito, Balkar da ba abin da ya dame shi da Kartarpur sai hoton da zai nuna wa abokai a shagon taya. Na tsohon ne kawai aka hana, ba dalili, ba bayani. Kwana huɗu Kulwant tana dafa abin a ranta. Likita ya riga ya gaya mata a asirce cewa zuciyar Bapu, kamar yadda take kiran mahaifin, ba ta jiran baɗi, don haka ta yanke shawara ta kawo shi har bakin ƙofa, ta ga wanda zai iya kallon idonsa ya ce a'a.

"Sai yaushe za ki faɗa masa?" in ji Balkar, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka kalli hanyarka."

"Me kuke raɗa a gaba?" tsohon ya tambaya, yana gyara sabon rawaninsa shuɗi. "Balkar, da tuƙin nan naka gara amalanken da ya kawo ni."

A Dera Baba Nanak ginin kan iyaka ya tsaya ƙato, gilashi ko'ina, sanyi kamar asibitin masu kuɗi. Mai duba takardu a ƙofa ya karɓi biyu, ya ɗaga kai ya ƙirga mutum uku.

"Ta Baba fa?"

"Ga fasfonsa," in ji Kulwant.

"Izini nake tambaya, 'yar'uwa."

Tsohon ya juyo ya dube ta. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi da wannan kallon. Nan take kunyar da ta ji ta koma fushi, ta sauke shi kan mai ƙofa.

"Kira mini babbanku. Ba inda zan matsa. Ga wancan da ƙaton tabarau, ko sunan kogin bai sani ba, kun bar shi ya wuce. Ga mijina, kun ba shi. Mutum ɗaya tak a layin nan da aka yanke wa cibiya a can, shi kuka ga ya dace ku tsayar?"

"Ni kuma me na yi?" in ji Balkar.

Aka kai su wani ɗan ofis. Jami'in da ke ciki dattijo ne mai furfura a gemu, sunansa Sandhu. Shi da kansa ya jawo wa tsohon kujera, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya daɗe yana duba na'urarsa.

"Rahoton ɗan sandan da ya je tantancewa ne," ya ce. "Kun san ana zuwa gida a yi wa mai nema tambayoyi."

Kulwant ta tuna. Ranar tana makaranta tana koyarwa, da ta dawo Bapu ya ce wani yaron kirki ya zo, sun sha shayi.

Sandhu ya karanta: "An tambaye shi garinsu, ya ce Kotla Sunder, gundumar Narowal. An tambaye shi ko zai dawo a ranar kamar yadda doka ta ce, ya ce in da so samu ne, can zai kwana."

Dariya ta kuɓuce wa Balkar, ya haɗiye ta da ya ga fuskar matarsa.

"To sai me?" in ji Kulwant. "Akwai tsohon da ya tsallako a shekarar da aka raba ƙasa da za ka tambaya garinsu ya ce maka Jalandhar ko wani gari na wannan ɓangaren? Ko wajen neman aure aka tambaye su, na can suke faɗa, kowa ya sani. Shekara saba'in da bakwai yana noman alkama a ƙasar nan. Ɗansa Amrik ya yi shekara goma sha biyu a soja yana gadin wayar iyakar nan taku. Yau an ce tsohon da ba ya iya hawa bene sai an riƙe shi, shi ne zai gudu muku? Wanda ya rubuta wannan ba shi da kaka ne?"

"Kakata har ta mutu Sialkot ta can Pakistan take cewa garinsu," in ji Sandhu a hankali. "Na san abin. Amma takarda ba ta san shi ba. Yau kam ba yadda za a yi, sunayen masu tsallakawa suna hannun mutanen can tun shekaranjiya."

Ya jawo farar takarda, ya buɗe biro.

"Ga abin da zan iya. Zan rubuta cewa na sake tambayarsa a gabana, ya gyara amsa. Ku sake nema, ku haɗa da wannan. Mako uku, huɗu, zai wuce." Ya juya ga tsohon, ya ɗaga murya kaɗan. "Bapu-ji, ina ne garinku?"

Kulwant ta dafa kafaɗar mahaifinta ta matsa. "Bapu, inda gidanmu yake. Inda Inna ta rasu. Kalma ɗaya ce."

Tsohon ya kalli biron, ya kalli 'yarsa.

"Na ji tambayar, 'yata. Tun ranar ma na ji ta." Ya nuna taga da sandarsa. "Kotla Sunder. In sai na ce ba garina ba ne za a bar ni in gan shi, to wurin wa zan je?"

Sandhu ya ɗan jira, ko za a ƙara wani abu. Da ba a ƙara ba, ya rufe biron.

A waje Kulwant ta rasa wanda za ta huce a kansa. Haushin ɗan sandan take ji, da na gwamnatoci biyu da suka tsaya tsakanin tsoho da tafiyar mil uku, da na Bapu mai taurin kai, da na kanta. Ta zaro takardarta za ta yaga.

"Kul," in ji tsohon, ya riƙe mata hannu. "Ke za ki je. Balkar ya zauna da ni, dama hoto yake nema, sai ya ɗauke ni."

Balkar ya mayar da tasa takardar aljihu.

"Saurara da kyau," tsohon ya ci gaba. "In kin gama gaisuwa, ki fita ta ƙofar yamma. Ki bi hanyar da ke gefen rijiya, za ki ga bishiyar mangwaro biyu manne da juna. Daga nan sai ki yi hagu. Gida na uku, mai koriyar ƙofa. Ki yi sallama da ladabi, mutane ne a ciki. Ki ce 'yar Tarlochan ce, ɗan Hazara Singh mai shanu."

Kulwant ta san dokar sarai, don ta karanta ta fiye da sau goma. Mota ce za ta ɗauke su daga nan ta sauke su cikin harabar wurin ibadar, ba mai taka ko ƙafa ɗaya a bayan katanga, da yamma a ƙirga su a dawo da su. Ana ta kiran masu motar ƙarfe goma sha ɗaya. Ta buɗe jaka ta lalubo biro, ta juya bayan takardar izinin, ta ɗora a kan cinyarta.

"Sake faɗa a hankali, Bapu. Daga rijiyar, dama ko hagu?"