Ginshiƙi, Gaya wa Surukina

Terkelin Tarigan, mijin 'yata, shi ya ɗauke allon darar mijina ya sayar, kuma ya zaɓo masa wani ƙarami da ya san sarai ba zai amfane shi ba. Na faɗa, kuma a gaban kowa zan maimaita.

Abin da ya hana ni faɗa masa ido da ido, duk ɗan ƙabilarmu ta Karo ya san shi. Surukarsa ce ni, akwai rebu tsakaninmu. Tun da ya auri Rehmalem ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba, ban taɓa miƙa masa abu hannu da hannu ba. In ina da magana sai in gaya wa wanda ke kusa ya isar. In babu kowa, in gaya wa ginshiƙin ɗaki, shi ma ya ba ginshiƙin amsa ina ji. Kakanninmu sun kafa wannan don girmama juna. Shi ya mai da shi maɓoya.

Mijina, uban Rehmalem, satur ce rayuwarsa, darar nan mai sarki da waziri da giwa da doki. Ina gonar lemo rana na gasa ni, shi yana shagon kofi ya tasa katako gaba yana shafa haɓa. A can ɓarin jikinsa ya shanye, suna tsakiyar wasa da abokinsa Pa Ngikut. Aka kawo shi gida baki a karkace, magana ta tafi. Pa Ngikut ya biyo baya riƙe da allon da hannu biyu kamar mai ɗauke da kwanon miya, ko ɗa ɗaya bai gusa daga gidansa ba. Ya ajiye a kan kujera gefen gado, ya ce wasan bai ƙare ba, kuma mara lafiya ne zai taka na gaba.

Wannan allo ya riƙe mijina a duniya. Abinci sai da lallashi, jikokinsa ma ba ya bin su da ido, amma allon yana kallonsa daga safe har rana ta faɗi. In Pa Ngikut ya zo, sai ya miƙa hannun hagu mai rawa ya dafa kan doki, ya janye, ya sake dafawa. Pa Ngikut ya ce nazari yake yi, kada kowa ya taɓa.

Uban mijina ne ya sassaƙa allon, baƙin katako mai nauyi, 'ya'yan manya masu cika hannu. Doki ɗaya na ɓangaren baƙaƙe ya ɓata tun Rehmalem na goye. Mijina ya sassaƙa wani daga reshen lemo, ni na rina shi da jan belo, ganyen da nake taunawa. Shi ya sa a duk garinmu babu mai jan doki sai mu.

Damuwa ɗaya ce, allon ya yi nisa. In zai miƙa hannu sai ya karkato, sau biyu yana neman faɗowa daga gado. In an ɗora masa a cinya kuma nauyi ya danne shi. Pa Ngikut ya ba da shawara a nemo ƙarami wanda zai zauna a cinya, a kwafe wasan a kai, babban ya tsaya inda yake. Terkelin na kai kabeji birnin Medan a mota, aikin ya faɗa kansa. Dama hidimar gidan da aka ba ka mata wajibinka ce.

Na zauna na juya masa baya, na yi wa ginshiƙi bayani dalla-dalla. Kada ya wuce faɗin faranti. 'Ya'yan su kasance masu tsayi yadda hannu mai rawa zai kama. A samo irin mai ramuka, kowane ɗa da tsinkensa a ƙasa, ya shige ya zauna ko an girgiza. Kada ya zama mai sheƙi, idon tsoho ba ya son walƙiya, kuma fari ya fita daban da baƙi.

"Ginshiƙi, gaya wa Mami na ji, ta kwantar da hankalinta," in ji shi. Mami, haka ɗan Karo ke kiran surukarsa.

Abin da ya kawo, tafin hannuna ya kusa rufe shi. Ninke shi ake kamar jakar kuɗi. 'Ya'yan ba su da tsayi ko kaɗan, faya-fayai ne kamar maɓallin riga, da zane a kai, maganaɗisu ke riƙe su. Ni mai lafiya sai da farce na ɓamɓaro ɗaya. Mijina ya sa yatsa ya tura, guda uku suka zame tare. Ya ƙura wa abin ido, ya juya fuska bango.

A ranar kuma, ina gona, babban allon ya bar gidan. Na dawo na tarar da kujera fayau. Rehmalem ta ce mijinta ya kai wa kafinta a Kabanjahe, wai za a haɗa masa ƙafafu masu taya a riƙa turo shi bakin gado. Na ce, wa ya roƙe shi? Ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa.

Daga nan Terkelin ya fara wasan ɓuya da ni. In ya shigo ya ga 'yata ba ta nan, da na buɗe baki na ce "Ginshiƙi," sai ya tuna motarsa na buƙatar ruwa. Ba ni da ikon kiran sunansa, ba ni da ikon tare masa ƙofa, ba ni da ikon riƙe masa riga. Ina kallo ya fice, sai ni da itace.

Pa Ngikut ya zo ya juya ƙaramin allon gaba da baya, ya yi tsaki. Ya ce wannan na matafiya ne, masu zama a mota da littafi a hannu suna bitar wasannin gwanaye, kuma duk wanda ya san dara ba zai saya wa mai rawar hannu shi bisa kuskure ba. Terkelin kuwa ya san dara. Yana ma shirin shiga gasa a Medan. Ba a jima ba ƙaramin allon ya bar gefen gado, tunda mara lafiya ba ya taɓawa. Na gan shi da idona yana leƙowa daga aljihun rigar Terkelin. Wato wa kansa ya zaɓa tun a shago.

Na hau mota na je Kabanjahe. Kafintan ya goge hannu ya ce shi bai ga allo ba, bai ga mai allo ba. Daga nan na wuce Berastagi, layin masu sayar wa baƙi tsofaffin kaya. A shago na uku na gan shi a saman kanta, an shafe shi da mai yana ƙyalli. Na san tsagar da ke kusurwarsa, na san giwar da kunnenta ya gutsure. Amma dokin baƙaƙe biyu duk baƙaƙe ne, ɗaya sabo fil yana warin fenti.

Mai shagon ya ce, "Iya, irin wannan allon ɗari ne a ƙasar nan. Naki da wace alama?"

Na ce jan doki. Ya buɗe hannu ya nuna mini babu jan doki. Wanda ya kawo masa kuma, wai ya manta fuskarsa. Na dawo gida ina tambayar kaina ko tsufa ne ke nuna mini abin da nake son gani.

Washegari na buɗe jakar belona zan yi tauna, sai na ji abu mai tauri a ƙasa. Jan dokin ne. Na ɗaga kai, Rehmalem tana shanya wandunan mijinta, aljihunansu duk a zazzage. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban tambaye ta ba. Yarinya ce tsakanin miji da uba, ba zan matse ta ba.

Na kai wa ubanta na sa masa a tafin hannu. Ya damƙe. Har yau bai saki ba, ko wanka za a yi masa sai da shi.

Shagon kofi ba wurin mata ba ne, amma na shiga. Maza sun cika, hayaƙin taba kamar an ƙona gona. Terkelin na can ciki yana wasa da wani direba. Mai shago ya kira ni uwar 'yata da yarenmu, ya ce, "Nande Rehmalem, ko kin zo ki ci mu a dara ne? Wa zai ba ta farare?" Aka yi dariya. Na nemi ginshiƙin tsakiya, na juya wa surukina baya, na ɗaga murya.

"Ginshiƙi, tambayi surukina, wane kafinta ne ke riƙe da allon uban matarsa? Kuma ya aka yi jan doki ya kwana a aljihunsa?"

Na ji ƙarar kujera, zai tashi. Pa Ngikut ya ce, "Zauna, ɗana. A shagon nan wanda ya tashi wasa bai ƙare ba an cinye shi, kuma kai ne mai zuwa gasa. Motarka ta sha ruwa jiya."

Ya zauna. Da ƙyar ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Tebur, gaya wa Mami a ƙasa na tsinci dokin, lokacin da nake ɗaukar allon. Na ajiye ne kada ya ɓata. Kafintan kuma ba wanda ta je wurinsa ba ne."

Na ce wa ginshiƙi ya tambayi sunan wancan kafintan. Tebur bai kawo amsa ba. Wani ya yi tari, wani ya ce kai, Tarigan, ko sunan ma a ƙasa ya faɗi? Wannan karon ba a yi dariya sosai ba.

Mai yiwuwa akwai wani kafinta. Mai yiwuwa allon Berastagi na wani ne. To ya kawo namu in ga ƙaryata, zan ba ginshiƙi haƙuri a gaban jama'a. Amma mijina na kwance da doki ɗaya a hannu, yana kallon kujera babu komai, kuma kullum cin abincinsa raguwa yake. Pa Ngikut ya ce har yanzu yana riƙe da wasan a kansa, amma shi ma tsoho ne, kai ba allo ba ne.

Na aika wa 'yan'uwan mijina, dangin Sembiring da suka ba Terkelin mata. Su ba rebu tsakaninsu da shi, suna iya kallon ƙwayar idonsa. Su zaunar da shi a tabarma kafin kasuwa mai zuwa. Ya dawo da babban allon kan kujerarsa, ya sayo ƙarami mai ramuka kamar yadda aka aike shi, sannan ya buɗe baki ya faɗa wa mutum mai kunne, ba tebur ba, inda ya kai allon surukinsa da wanda ya ba shi izini.